Tango Ba Mawaƙi, Ba Ganga: Tambayoyi da Amsoshi a Kan "La Yumba" ta Osvaldo Pugliese

Duk wanda na kunna wa faifan nan, fuskarsa hanya ɗaya take bi. Da farko ya ɗaure gira, can ya fara gyaɗa kai ba da saninsa ba, da kiɗan ya ƙare sai tambayoyi su ɓarke. Tambayoyin kuwa kusan iri ɗaya ne ko daga bakin wa suka fito. Ga su nan na tara, tare da amsar da nakan bayar nan take, da wadda ba na tunowa sai mai tambayar ya tafi.

Wane faifai ne wannan, wa kuma ya yi shi?

Sunansa "La Yumba". Osvaldo Pugliese ne ya ƙirƙiri kiɗan, shi ne kuma ke zaune gaban fiyano. Ƙungiyarsa ta naɗa wa kamfanin Odeon shi a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina cikin watan Agustan 1946. Tsawonsa kimanin minti 3 ne, don iya abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho mai juyi 78 a minti ke ɗauka ke nan.

An haifi Pugliese a 1905 a Villa Crespo, unguwar ma'aikata, cikin zuriyar Italiyawa 'yan ci-rani. Da bayolin ya fara, wato gogen Turawa, kafin ya koma fiyano. Ya ci abinci da kiɗa a gidajen shan gahawa da gidajen silima tun zamanin da fim ba ya magana. Bai kai shekara 20 ba ya tsara "Recuerdo", wanda har yau makaɗan tango, wato kiɗan rawar nan na Ajantina da Yurugwai, ke cire wa hula. Ƙungiyarsa ta kansa ta fara fita a 1939, faifanta na farko ya fito a 1943, ya kuma riƙe ta har rasuwarsa a 1995 yana da shekara 89.

Ba mawaƙi, ba baiti ko ɗaya. To daga ina wannan nauyin zuciya ke fitowa?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, sauran duk 'ya'yanta ne.

In aka ba ka takardar da aka rubuta karin "La Yumba" a kai, ka sa wani ya danna maka shi a fiyano da yatsa ɗaya, za ka yi mamakin ƙarancinsa. Ɗan guntun kari ne, sauti kaɗan, ana maimaita shi ana hawa da shi ana saukowa. Babu wani abin sa mutum ya yi tagumi a ciki. Abin da ke kama ƙirji ba a takardar yake ba, a hannun makaɗan yake: wane bugu aka danne, wanne aka sassauta, ina aka jinkirta da gangan, ina aka yi shiru, wa aka bari ya yi magana shi kaɗai. Kayan miya ɗaya ne a kasuwa, hannun mai girki ne ke sa a san gidan da aka dafa.

Shi ya sa masu sauraren tango ba su cika tambayar sunan kiɗa kaɗai ba. Sai sun haɗa da ta wa, da ta wace shekara. Sunan kiɗa ba tare da sunan ƙungiya ba rabin labari ne.

Ina gangar? Na rantse na ji ana dukan wani abu.

Babu ganga, babu kalangu, babu ko gwangwani. Wannan shi ke fara rikita kunnen da ya tashi cikin kiɗan fata, kuma ni ma ya rikita ni. Cikakkiyar ƙungiyar tango, wadda suke kira orquesta típica, kaya iri huɗu ne ginshiƙinta: jerin bandoniyan a gaba, wato akwatin kiɗa mai zugazugi, yawanci huɗu, jerin bayolin a bayansu, fiyano ɗaya a gefe, sai kontarabas, wato ƙaton gogen nan da ya fi mutum tsawo, wanda ake kaɗawa a tsaye.

Aikin ganga an raba shi ne a tsakaninsu. Hannun hagu na mai fiyano da kontarabas su ne ƙashin baya. Masu bandoniyan suna ɗora kayan a kan gwiwa, su ɗaga dunduniya su sake ta, nauyin kayan ya faɗo, sautin ya fito a tsinke kamar sara. Masu bayolin kuma suna dukan tsirkiya da gindin baka, gajere gajere, maimakon jan nan mai tsawo da aka san goge da shi. Idan mutum goma suka yi haka a lokaci guda, kunne zai rantse ya ji fata.

Amfanin rashin ganga shi ne babu wanda ya riƙe lokaci shi kaɗai. Inda akwai makaɗin ganga, kowa bayansa yake bi. A nan kuwa lokaci amana ce a hannun kowa, ana iya miƙe shi, ana iya matse shi, ana iya ajiye shi a ƙasa na ɗan numfashi a sake ɗauka. Duk salon Pugliese a kan wannan 'yancin aka gina shi.

Mene ne ma'anar "yumba"?

Kwaikwayon sauti ne, kamar yadda muke cewa tim ko ƙwal. Mutanen Buenos Aires suna furta harafin y kusa da sh, saboda haka abin da ke fita bakinsu ya fi kama da "shum-ba". Gwada faɗinsa da ƙarfi sau huɗu a jere, ka ja gaɓar farko ka saki ta biyu: shuum-ba, shuum-ba. Ka riga ka kaɗa rabin faifan.

Ga yadda abin yake. Kowane gida na kiɗan tango bugu huɗu ne. Ƙungiyoyi da yawa suna ba huɗun nan nauyi kusan ɗaya, ƙwan ƙwan ƙwan ƙwan, kamar tafiyar soja. Pugliese sai ya tara duk nauyin a kan na ɗaya da na uku. Kuma ba faɗowa kawai yake yi a kansu ba, jawo sautin ake yi tun kafin lokacinsa, ya taso daga ƙasa yana kumbura, sannan ya fashe daidai kan bugun. Wannan jan suna kiransa arrastre. Ka tuna ɗan dako da ke jan buhun masara a kan siminti kafin ya jefa shi cikin mota: akwai ƙarar ja, akwai ƙarar faɗuwa. "Shum" ke nan.

"Ba" ɗin kuma, wato bugu na biyu da na huɗu, hannun hagun Pugliese ne ke sauka can ƙarshen fiyano inda sauti ya fi kauri, ya danne maɓallai da yawa a haɗe. Abin da ke fita ba kari ba ne, gurnani ne, kamar an rufe ƙofar ƙarfe a wani ɗaki mai nisa. Kontarabas na taya shi.

Na fi gane shi ta hanyar daka. Taɓarya in ta sauka cikin turmi akwai tim, in an ɗago ta akwai ɗan nishin mai dakan. Wanda ya ji tim ɗin kawai ya ji hayaniya. Wanda ya ji nishin ma, shi ya san aiki ake yi. A sauraro na farko kowa "shum" yake ji. A na uku ko na huɗu ne "ba" ke bayyana, daga nan kuma ba ka sake jin faifan kamar da.

Wannan abin mai kuka kamar mutum mai mura fa?

Bandoniyan ke nan. Akwati ne mai kai biyu da zugazugi a tsakiya, har ma 'yan tango kan kira shi fueye, ma'ana zugazugi, irin na maƙera. Ba a Ajantina aka ƙera shi ba. Daga Jamus ya zo, sunansa kuma daga Heinrich Band ne, wani ɗan kasuwar kayan kiɗa na garin Krefeld a tsakiyar ƙarni na 19. Irin wanda ake kiɗan tango da shi maɓallai 71 gare shi, 38 a dama, 33 a hagu, kuma mafi yawansu sautin da suke bayarwa in an buɗe zugazugin daban yake da wanda suke bayarwa in an rufe. Jerin maɓallan kuma ba shi da wani tsari da hankali zai kama da sauri, haddacewa ake yi. Waɗanda kamfanin Alfred Arnold ya ƙera kafin Yaƙin Duniya na Biyu su ne har gobe makaɗa ke rububi.

Abin da ya sa yake taɓa zuciya shi ne numfashi yake yi. Iska na ƙare masa, dole ya ja wata, kana jin shigarta. A faifan 1946 jagoran masu bandoniyan Osvaldo Ruggiero ne, mutum mai kaifin hannu, wanda sautinsa ke fita kamar an yanka da wuƙa.

To baƙin ciki ne kiɗan ke faɗa, ko fushi?

Akwai wata magana da ake jingina wa marubucin waƙoƙin tango Enrique Santos Discépolo, cewa tango tunani ne na baƙin ciki da ake rawarsa. Maganar ta yi daɗi a baki, shi ya sa ta zagaye duniya, amma ba ta rufe "La Yumba" ba. A kunnena wannan ba kiɗan mai kuka ba ne. Kiɗan mutumin da ya cije ne.

Saurari yadda aka gina shi. Yana buɗewa da dukan nan ba sallama, guntun karin yana dawowa yana dawowa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka ƙi buɗewa. Wannan taurin kai ne, ba jimami ba. Can sai dukan ya janye, bayolin su shigo da dogon ja mai laushi, ka ji kamar mutumin ya zauna a bakin gado ya tuna wani abu. Ba a barinsa ya daɗe a nan. Kafin hawaye ya taru, gurnanin ƙasa ya dawo ya tashe shi tsaye. Yanayin faifan yana cikin wannan kai-komo ne, tsakanin abin da ke son ya karye da abin da ya ƙi yarda.

Wanda ya san garin da aka yi kiɗan zai ƙara fahimta. A ƙidayar 1914 kusan rabin mazauna Buenos Aires a wata ƙasa aka haife su, akasari Italiya da Sifaniya. Mutane ne da suka tsallako teku, suka cunkushe a gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, suna aikin tashar jirgin ruwa da mayanka da masana'antu. 'Ya'yansu ne suka cika wuraren rawa a shekarun 1940. Kewar gida tana cikin kiɗansu, gaskiya ne, amma gajiyar aiki da alfaharin talaka ma suna ciki. Masoyan Pugliese na farko daga irin waɗannan unguwanni suka fito, suna binsa wuri wuri kamar magoya bayan ƙungiyar ƙwallo.

Ban hana kowa ya ji baƙin ciki a ciki ba. Wata 'yar'uwata da na kunna wa cewa ta yi ita tsoro ya ba ta, kamar wani abu na tahowa a duhu. Ban ce mata ta yi kuskure ba.

Wani lokaci kiɗan kan ja da baya kamar makaɗan sun ɓace wa juna. Kuskure ne?

Da gangan ne, kuma shi ne abu mafi wuya a cikin aikin. Mai bayolin ko mai bandoniyan yakan riƙe sauti fiye da yadda aka rubuta, ya makara, sannan ya ruga ya cim ma sauran kafin gidan ya rufe. Suna kiran wannan fraseo. Kamar mai ba da labari ne da ya san inda zai ja magana da inda zai dakata ya bar masu sauraro da baki buɗe.

Pugliese ya kai abin inda ba a saba ba, domin a wurinsa ba mutum ɗaya ke jinkirin ba, ƙungiyar ce gaba ɗaya ke riƙe numfashi. Kiɗan ya rage gudu, ya yi siriri har ka matso da kunne, ka san dukan na zuwa amma ba ka san yaushe ba. Jiran nan shi ne rabin daɗin. A faifan 1946 abin bai yi tsanani ba tukuna, don a lokacin masu rawa ne ke biyan kuɗin shiga, dole a ba su ƙasa mai taku. A faya-fayansa na ƙarshen shekarun 1950 zuwa sama ne ya saki linzami sosai.

Tushen salon daga Julio De Caro yake, mai bayolin da ya kafa ƙungiyar mutum shida a 1924, ya shigo da tsari da ƙawa cikin kiɗan da a da kusan kowa tare yake tafiya. Pugliese bai taɓa ɓoye cewa shi ɗan makarantar De Caro ba ne. Abin da ya ƙara shi ne nauyi.

Da wata ƙungiya ce ta kaɗa kiɗa iri ɗaya, yanayin zai canza da gaske?

Ƙwarai kuwa, kuma ba sai ka yarda da ni ba, gwaji na nan. Nemi "Gallo ciego", tsohon kiɗan Agustín Bardi. Juan D'Arienzo ya naɗe shi a 1937, Pugliese ya naɗe shi a 1959. Kunna su a jere.

Na D'Arienzo gudu yake, a tsinke, kowane bugu da kaifinsa, fiyanon Rodolfo Biagi na tsalle a tsakanin jimloli kamar ɗan akuya. Ba banza aka yi wa D'Arienzo laƙabi da sarkin bugu ba: shi ne ya dawo da matasa filin rawa daga 1935, lokacin da kasuwar tango ta yi sanyi. In ka ji nasa ƙafarka ce ke amsawa. Na Pugliese kuwa ya buɗe karin ya shimfiɗa shi, ya sa duhu a inda wancan ya sa wasa, ya bar bayolin ɗaya ta yi ta magana ita kaɗai. Sai ka rantse ba mutum ɗaya ya rubuta su ba.

Sauran manyan biyu ma kowa da hannunsa. Carlos Di Sarli bayolin yake sa wa gaba, su yi ta malala, shi kuma yana ƙasa da hannun hagu yana tafiyar da su cikin natsuwa, yana yafa 'yan ƙananan sautuka kamar ƙararrawa. Kiɗansa na mutum mai babbar riga ne da ba ya sauri ko ana ruwa. Aníbal Troilo kuma mai bandoniyan ne, zuciya ce a gaba a wurinsa, yana iya sa sauti ɗaya tak ya ishe ka. Astor Piazzolla, shi ma mai bandoniyan, ya zauna a ƙungiyarsa daga 1939 zuwa 1944 yana kiɗa yana tsara masa, kuma sananne ne cewa Troilo kan bi tsarin da abin goge rubutu yana rage duk abin da ya ga zai rikita masu rawa.

In kana son ka ji su a kan abu ɗaya, "La Cumparsita" na nan, wadda Gerardo Matos Rodríguez, ɗalibi a Montevideo, babban birnin Yurugwai, ya rubuta wajen 1916. Troilo ya naɗe ta a 1943, D'Arienzo a 1951 cikin naɗe-naɗensa da dama, Di Sarli a 1955.

Wa ke yanke yadda za a kaɗa? Shugaban ne kawai?

A yawancin ƙungiyoyi shugaba ne mai kaya, sauran ma'aikata ne da ake biya. Ta Pugliese daban take. Ƙungiyar haɗin gwiwa ya mai da ita, ana raba abin da aka samu bisa maki, gwargwadon aikin mutum da daɗewarsa. Yana kuma matsa wa makaɗansa su riƙa ƙirƙira suna tsarawa da kansu, a kawo wurin gwaji a yi ta gardama a kai. Shi ya sa mutane irin su Ruggiero, da Enrique Camerano jagoran bayolin, da Aniceto Rossi mai kontarabas suka yi shekaru masu yawa tare da shi. Wannan riƙe numfashi na mutum goma a lokaci guda ba ya samuwa ga waɗanda suka haɗu jiya. Sai an san juna har ana gane nufin mutum daga ɗaga kafaɗarsa.

Tsarin ya samo asali daga aƙidarsa, don ɗan jam'iyyar kwaminis ne tun shekarun 1930, kuma ya sha wuya a kan haka. An hana shi rediyo, an tsare shi ba sau ɗaya ba, a zamanin shugaban ƙasa Juan Perón da kuma bayan sojoji sun kifar da Perón a 1955. In yana tsare ƙungiyar ba ta fasa fita. Sai su ɗora jan fure a kan fiyanon da ba kowa, su yi kiɗansu, jama'a kuma sun san abin da ake nufi. A 1968 shida daga cikin manyan makaɗansa suka fita suka kafa Sexteto Tango, ya ɗebo matasa ya sake gini.

Wani abin dariya: makaɗan Ajantina na da camfin cewa ambaton sunansa sau uku kafin a hau dandamali na kore tsautsayi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana wa'azin ƙungiyar ƙwadago, ga inda ya ƙare.

Ina jin wasu ƙananan ƙararraki, kamar gyare, kamar bulala. Lalacewar faifai ce?

Wani ƙaiƙayin na tsufan faifai ne, amma da yawa makaɗan ne ke yi, kuma kowanne da sunansa. Chicharra shi ne a goga baka a bayan ɗan katakon da ya tokare tsirkiyoyi, sai ya ba da ƙara irin ta ƙwaron nan mai kuka da rana. Látigo, wato bulala, yatsa ne ke zamewa sama da sauri a kan tsirkiya. Tambor kuwa tsirkiya ake fincika ta bugi farce, ta yi ƙwas kamar ƙaramar ganga. Mai kontarabas shi ma yana da nasa, ya daki tsirkiyoyi da baka ya mari jikin kayan da tafi. Yaji ne, ba a zuba shi da yawa. Za ka fi jin su a fili a naɗe-naɗen baya, da na Piazzolla.

Ance akwai jinin Afirka a tango. Gaskiya ne?

Akwai. Buenos Aires da Montevideo duk tashoshin cinikin bayi ne a zamanin mulkin Sifaniya, kuma kiɗan gangunan baƙaƙen fata na yankin, candombe, yana cikin abubuwan da suka haɗu suka haifi tango a ƙarshen ƙarni na 19, tare da waƙar milonga ta karkara da kiɗan habanera na Kyuba da kayan kiɗan Turai. Rosendo Mendizábal, wanda ya tsara "El Entrerriano" a 1897, baƙar fata ne. Haka ma Leopoldo Thompson, mai kontarabas a ƙungiyar De Caro, wanda ake danganta wa dabarar dukan kayan kamar ganga. A Yurugwai candombe na nan da ransa har yau. Pugliese da kansa ya sa wa kiɗan da ya biyo bayan "La Yumba" suna "Negracha" a 1948.

Sai dai kada a ja zaren ya wuce tsawonsa. Galibin alamun da masu bincike ke nunawa sun fi karkata ga yankin Kwango da Angola. Kuma kafin 1946 gangar ta daɗe da fita daga tango, inuwarta ce ta rage a hannun hagun mai fiyano. A 2009 hukumar UNESCO ta sa tango cikin gadon al'adun duniya da sunan Ajantina da Yurugwai tare.

Na ga "La Yumba" fiye da ɗaya. Wacce zan fara da ita?

Fara da ta 1946. Ta fi sauran tsauri da ƙuruciya, kuma an naɗe ta ne a zama ɗaya kai tsaye, ba yanka ba gyara, in wani ya yi kuskure sai a sake daga farko. Ta 1952 sautinta ya fi tsabta.

Bayan su sai ka nemi bidiyon Disamban 1985 a Teatro Colón, babban gidan kiɗan gargajiyar Turai na Buenos Aires, inda aka daɗe ana ganin tango bai isa shiga ba. Shekara da shekaru masoyansa na yi masa ihun "a kai shi Colón" a ƙarshen wasa, sai bayan mulkin soja ya ƙare a 1983 abin ya yiwu, a 1985 ɗin yana da shekara 80. A ƙarshen daren tsofaffin makaɗansa suka hau dandamali suka haɗu da sababbi aka kaɗa "La Yumba". A nan ba taurin kai kake ji ba, nasara ce, ga tsoho siriri da tabarau yana dukan fiyano kamar yana bin sa bashi. Kari ɗaya, mai kiɗa ɗaya, shekara 39 a tsakani, yanayi ya juya.

Na saurara a waya, ban ji duk wannan abin da kake faɗa ba.

Ba laifinka ba ne, ni ma haka ta faru da ni. Karon farko a lasifikar waya na ji shi, a tsakar gida, injin markaɗen maƙwabta na aiki. Abin da ya iso kunnena ƙiƙi-ƙiƙin bayolin ne kawai, na kashe na ce wannan kiɗan tsofaffin fina-finai ne. Na yi wata da watanni ban koma ba.

Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, alhali "ba" ɗin nan da kontarabas duk a can ƙasa suke. Ka cire su, ka cire turmin ka bar taɓarya na dukan iska. Sa abin sauraro na kunne, ko mai arha ne, da dare bayan gari ya yi shiru. Sannan ka lura da kwafin da ka samu. Wasu da aka sake bugawa daga baya an ƙara musu amsa-kuwwa ta ƙarya har kiɗan ya zama kamar a cikin rijiya, wasu an juya faifan da sauri fiye da ƙima, sautin ya haura, nauyin ya tafi. In ka ga biyu, ɗauki wanda ke da ɗan ƙaiƙayin garmaho amma kana jin katakon kayan.

Sai na iya rawar kafin in ji daɗinsa?

A'a. Ni ban taɓa taka ta ba, ba kuma na shirin yi. Amma sanin yadda masu rawa ke ɗaukarsa na taimakawa. A wuraren rawar, waɗanda ake kira milonga, ana sa faya-fayai ne rukuni rukuni, uku ko huɗu na ƙungiya ɗaya, sannan a sa ɗan wani kiɗa daban a raba. Na D'Arienzo ake tayar da fili da su. Na Pugliese akan ajiye sai dare ya raba, don sabon shiga ba ya iya tsayawa cik a inda kiɗan ya tsaya.

Me ya sa ƙarshen ya zo wani iri, kamar ba a gama ba?

Kusan kowane tango da sautuka biyu yake rufewa, 'yan ƙasar na ce musu "chan-chan". A wurin D'Arienzo duka biyun da ƙarfi suke, kamar an buga tambari a takarda, kowa ya san an tashi. Pugliese na farkon yake duka da dukkan ƙarfin ƙungiya, sannan ya ɗan dakata, ya ajiye na biyun a hankali, can ƙasa, da kyar ake jinsa. Bayan minti uku na daka, abu na ƙarshe da ya ba ka raɗa ce.

Saboda haka kada ka yi saurin cire abin kunne. Wani abokina ya cire nasa daidai kan dukan farko ya ce, "To, ya ƙare ke nan?" Na ce masa ya mayar, ya koma baya daƙiƙa goma, ya kuma ƙara murya kaɗan.